Ramin Kara

Dalilin da ya sa mutanen Dutsen Kurya ke kiran ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa "ramin kara", ku kasa kunne ku ji shi daidai, yara. Masu gaggawa kan ce don ana rufe shi da karan dawa ne. Kuskure ne. Ku ja wasalin farko: kara ce, irin ta kunya.

A zamanin hare-hare, sunansa ramin hatsi kawai. Kowane gida na da nasa, mai matakala da murfin dutse, wanda akan shafe da laka har ya saje da tsakar gida.

Akwai wani manomi, Nomau, ɗan farin Iya Tasalla. Bisa al'ada, ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta kuma amsa kiransa. In ya gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwarsa Kyauta, "Ce wa wancan ya ci abinci." Nomau na alfahari da wannan, yakan ce duk garin babu uwa mai kara kamar tasa.

Wata Laraba da hantsi aka buga gangar gargaɗin zuwan mahara. Mata suka nufi dutse. Nomau ya sheƙo daga gona, ya tarar da ramin a buɗe. Ya leƙa, duhu. Ya ce, "Iya, kina ciki?" Ya ji kamar gyaran murya, amma ganga ta cika masa kunne. Ya sake kira, shiru. Sai ya ja murfin dutsen, ya shafe shi da laka yadda ubansa ya koya masa, bai bar ko kafar tururuwa ba.

A kan dutse Kyauta ta tare shi.

"Yaya, ina Iya?"

"Ba tare kuka taho ba?"

"Ta sauka ɗebo mana gero, ta ce mu yi gaba."

"Ai na kira! Da bakina na kira ta!"

Kyauta ta dube shi. "Yaya, yaushe ta taɓa amsa maka?"

Ya zabura zai gangara, maza suka danne shi, domin mahara sun riga sun ɗaure dawakinsu a tsakar gidan. Yana hango su daga sama suna hura wuta a bisa murfin, yana yaba kyan aikin hannunsa yana la'antarsa. Suka daɗe ba su tashi ba.

Ranar da aka fasa lakar, aka sami Iya zaune a matakalar ƙarshe, rai ya yi halinsa, ƙwaryar gero a cinyarta. Nomau ya durƙusa ya ce, "Iya." Daga nan ba a ƙara jin muryarsa ba har ya koma ga Allah.

Shi ya sa har gobe a Dutsen Kurya ɗan fari ba ya rufe rami, ko da shi kaɗai ya rage namiji a gidan. Auta ake turawa, wanda uwa ke iya ce masa, "Dakata, ina ciki."