Uwar Maƙerar Nomau da Hasumiyar Gangaren Tama

Dalilin da ya sa maƙeran Gangaren Tama suke ƙira a kan dutse, alhali ga hasumiyar ƙarfe tsaye a tsakiyar garinsu, shi zan gaya muku, yara, ko da yake labarin yana ɓata mini rai.

A da garin yana da uwar maƙera ɗaya tak, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa. Tana hannun wani tsohon maƙeri, Nomau, wanda ya gaje ta kaka da kakanni. A al'adarsu ba a sayar da ita, ba a kuma hana aronta. Amma mai ita ba ya bin sawunta. Wanda ya ara shi ke maidowa da ƙafarsa.

Wata shekara hakimi ya shirya bikin baje koli, ya sa a kafa hasumiya don baƙi su yi kallo. Ƙafafunta uku suka zauna daram, ta huɗu kuwa sai nutsewa take cikin ƙasa. Magini ya ce sai an sa mata ƙarfe mai nauyi a ƙasa. Hakimi ya tafi wurin Nomau.

"Baba, aro muka zo. Kwana arba'in, biki ya watse, mu kwance hasumiya mu maido maka."

"Ranka ya daɗe, da ita nake ciyar da gidana."

"Kwana arba'in ne fa, Baba."

Nomau ya bayar. Biki ya watse, baƙi ba su daina zuwa ba, sunan hakimi ya kai birni. Wa zai kwance abin da ake yabonsa a kai?

Damina ta kawo jiki, manoma suna neman fartanya. Tabawa, matar Nomau, ta ce, "Malam, ka je ka yi magana mana."

"Ba a bin ta, Tabawa. Ya san al'ada."

Hakimi ya san ta kuwa, shi ya sa bai ji tsoron komai ba.

Nomau ya koma ƙira a kan dutse, har tsagin dutse ya tashi ya kashe masa ido ɗaya. Shekara tara yana jira. Hakimi kan wuce ya ce, "Baba, ina gajiya?" Da Nomau ya rasu, har ta'aziyya hakimi ya zo, hannu biyu babu komai.

Shi ya sa har yau jikokin Nomau suke ƙira a kan dutse. Sun ƙi sayen wata, don a wurinsu saye yana nufin sun yafe. In kun je, ku duƙa ku duba ƙarƙashin ƙafar hasumiyar ta gabas, uwar maƙerar tana nan ta yi tsatsa. Masu ɗaukar hoto sama suke kallo.