Shuɗin Bajon Kofur Gambo

Ku ajiye kofunan shayin nan tukuna, akwai shari'ar da za ku yanke mini.

An taɓa tura sojojinmu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasar Turai mai duwatsu. Cikinsu akwai Kofur Gambo, mutum mai son ado kamar sabon ango. Ya yi abota da wani sojan Finland mai suna Eero, wanda ya ba shi kyautar bajon kakansa: shuɗin gicciye mai lanƙwasassun hannaye huɗu, wato suwastika. Gambo ko tambaya bai yi ba, ya maƙala abinsa a ƙirji.

Ranar da shi da abokansa uku, Zubairu da Haladu da Ilyasu, suka kai ruwa wani ƙauye, mutanen na ganin bajon suka kewaye motarsu. Ashe a ƙarƙashin irin wannan alama sojojin Hitler suka ƙone kakanninsu. Nan take aka fizgo Gambo daga mota, aka ɗaure shi, aka ɗora masa bindiga a ƙeya.

Saja Zubairu ya ajiye makaminsa, ya ratsa taron, ya kama bakin bindigar ya mayar da shi kan ƙirjinsa. Bai gusa ba. Da ya yi jinkiri, da gawa za su ɗauko.

Haladu direba ya figi mota, ya bi gajeriyar hanyar da aka san an binne nakiyoyi, ya ɗauko Eero daga sansani. Ta bakin tafinta Eero ya ce, "Alamar sa'a ce a wurinmu. Tana jikin jiragen yaƙinmu tun kafin Hitler ya ɗauke ta."

Shugaban ƙauyen ya ce, "Amma kun yi yaƙi tare da shi?"

Eero ya sunkuyar da kai. "Mun yi."

Da suka ji bai yi musu ƙarya ba, sai aka sauke bindiga. Igiya kuwa ba wanda ya kwance.

Ilyasu shi ya lura duk idanun ƙauyen kan wata tsohuwa suke komawa. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, su wa aka kashe miki?" Ta shiga jero sunaye, yana maimaitawa ɗaya bayan ɗaya har kuka ya ci ƙarfinsa. Sannan ta ce, "Tun ina yarinya ba baƙon da ya taɓa tambayata. Ku saki yaron."

Gambo ya dawo gida ya tarar matarsa ta haifi namiji. A gaban jama'a ya rantse zai sa wa ɗan sunan wanda ya ceci ransa. Ga rago a ɗaure, ga liman yana jira, ga abokan nan uku zaune a tabarma ɗaya, ba mai kallon ɗan uwansa.

To, Zubairu, Haladu ko Ilyasu, sunan wa za a raɗa wa yaron?