Gyara Ɗaya Cikin Ɗaruruwa

Akwai wani matashi a Riyadh mai suna Zayyanu, yana rubuta manhaja a wani kamfanin da ke kula da ɗakunan sanyi na kasuwar Al-Aziziya.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu a Gusau. Ya nemi izinin tafiya, mudir, wato manajan kamfanin, ya ce babu inda za shi sai manhajar ta daina kashe firji, don tumatirin mutane na ruɓewa.

Rubutun Zayyanu lafiya lau yake. Matsalar tana wurin kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa, tana yi masa gyare-gyare ɗaruruwa don ya yi sauri. In an kashe gyare-gyaren, aiki ya yi nawa. In an kunna, firji ya mutu.

Injiniya Shafa'atu, wadda ta girme shi a aikin, ta ce, "Ƙanena, ka ƙayyade mata. Bar ta ta yi rabin gyaran kawai, ka gwada. Ɓangaren da ɓarnar take, ka sake raba shi biyu. Shuwayya-shuwayya, sannu a hankali."

"Haba Anti! Ana zaman makoki a gidanmu, ni in zauna rabe-rabe?"

Ya goge wannan, ya sake rubuta wancan. Firji ya mutu. Ya buga tebur, ya sake. Firji ya sake mutuwa. Rana ta fito ta faɗi a gilashin ofis, shi bai san ta yi ba.

Mahaifiyarsa ta kira. "Zayyanu, baƙi sun fara watsewa. Kana tafe?"

Da ya ajiye wayar, ya ja kujera kusa da Shafa'atu.

"Anti, nuna mini."

"Ka gama dambe da tebur? Yalla, maza raba."

Suka raba, suka gwada, suka sake rabawa. Kafin la'asar gyara ɗaya tak ya rage, shi ne mai laifin. Suka kashe shi kaɗai, firji ya ɗauki sanyi.

Mudir ya ce, "Khalas, shi ke nan, tafi."

Ya isa Gusau an riga an naɗe tabarmi. Mahaifiyarsa ce kaɗai a tsakar gida, ya zauna gefenta.

Darasi: Idan matsala ta cuɗe maka, kada zafin zuciya ya sa ka rushe komai. Ka saurari na gaba da kai, ka rage ta kaɗan-kaɗan har asalinta ya fito. Ku tura wa wani, ku kuma sa iyayenmu da suka rigaye mu a addu'a.