Wanda Ya Naɗe Igiya a Hannu

'Ya'yana, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ni. Da ke babbar yaya, da kai mai bi mata, da kai auta. Tunda a waya kuka iya faɗa, a waya zan same ku. Ku ma masu bibiyar wannan shafi ku matso kusa.

Akwai wani mahauci da ake kira Allura. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, amma duk faɗin mayankar garinsu babu mai kayar da sa kamarsa. In an shigo da bijimi, shi ke tsayawa a gabansa, ya zarga masa igiya a ƙaho, ya zura ta cikin zoben ƙarfen da aka kafe a siminti, ya ja har kan dabbar ya sunkuya. Sannan sauran su ɗaure ƙafafu a kwantar, mai yanka ya sa wuƙa.

Aikin yana da doka guda da ake koya wa kowa tun ranar farko: a tafin hannu ake riƙe igiya, ba a naɗe ta a wuyan hannu. In sa ya fizga, wanda ya riƙe a tafi zai saki. Wanda ya naɗe, tare da shi za a tafi.

Allura ya ƙware har ya fara raina aikin. Yana zarge sa yana ba da labari. Ƙaninsa, wani ƙato mai kaurin wuya da ake kira Guduma, shi ke ɗaure ƙafafun baya, kuma kullum idonsa na kan matsayin yayansa.

Wata safiya aka kawo wani baƙin sa. Igiyar da Allura ya ɗauka ta kwana cikin ruwa da jini, ta ruɓe a tsakiya, bai duba ba. Ya zarga, ya ja, ya juya yana tsokanar mai wankin tumbi. Igiya ta katse.

Ƙahon ya shige shi a kwiɓi, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da bango. Ya faɗo cikin magudanar jini. San ya bi shi ya taka masa haƙarƙari, Allura ya ji ƙarar ƙashinsa kamar an karya busasshen ice. Da aka ja shi waje, hannayensa biyu na tallabe da cikinsa don kada abin da ke ciki ya zubo.

Ya daɗe a asibiti. Fata ta haɗe, ƙashi ya kama, ya koma aiki yana taku da ƙarfi don kowa ya ga ya warke.

Amma da aka buɗe ƙofar ƙarfe ya ji hucin sa a fuskarsa, sai ya ja da baya. Ya jefa igiya ta faɗi gefe. Ya sake jefawa ta faɗi ƙasa.

Kunya ta juye masa zuwa mugunta. Bayan wasu sun kayar da san sun ɗaure, ya ɗauki guntun bututun ƙarfe ya hau jibgar dabbar a ka har idonta ya fashe. Mai wankin tumbi ya ce, "Haba oga, ai a ɗaure yake." Allura ya juya ya kwaɗa masa mari, leɓensa ya tsage.

A gida matarsa ta miƙa masa shayi, ya karɓa, shayin ya zube masa a cinya. Ya yi jifa da kofin ya tarwatse a bango.

Ta dubi fasassun ta dube shi. "Maigida, ba kofin ne ya soke ka ba."

Washegari shugaban mayanka ya kira shi gefe. "Guduma zai riƙe igiya. In ka dawo daidai, wurinka na nan. In ba ka dawo ba, ga tebur can, ka zauna ka riƙa yanka nama kamar kowa."

Allura ya zaga bayan katanga, ya durƙusa yana amai.

"Matsa gaba kaɗan, nan wurina ne."

Baba Gurgu ne, tsohon da ke zaune a inuwa yana wasa wuƙaƙen mahauta a dutse. Kafin Allura shi ke riƙe igiya, kuma har yau in ana zancen ƙwararru da sunansa ake farawa.

"Wurinka kamar yaya, Baba?"

"Duk shekarun da na yi ina kayar da shanu, babu safiyar da ban zo nan na amayar da abin da na karya da shi ba. Sai in kurkure baki in shiga."

"Kai? Ai cewa ake ba ka san tsoro ba."

"Masu faɗin haka ba su taɓa zagowa bayan katanga ba." Ya gwada kaifin wuƙa a gashin hannunsa. "Da can ba jarumi ba ne kai, ɗana, ba ka san abin da ƙaho ke yi ba ne. Yanzu ka sani. Tsoron nan ba zai fita ba, kada ka ɓata lokaci kana korarsa. Ka faɗe shi da bakinka. In baki ya ɓoye, hannu zai tona, kuma hannun da ya tsorata naɗe igiya yake yi. Ka ga ƙafar nan? Ranar da na ji kunyar zuwa nan ne na same ta."

Allura ya goge baki. "To yaya zan yi?"

"Me ya katse igiyarka?"

"Ta ruɓe. Ban duba ba."

"To ka samu abin yi. Ka koma kan maruƙa."

Babban mai kayar da bijimai ya koma kayar da maruƙa. Kafin ya fara, ya je ya ba mai wankin tumbi haƙuri a gaban kowa. Kullum da safe ya zaga bayan katanga, ya dawo ya bi igiyarsa da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ya watsa yashi inda siminti ke santsi. Sai ya ja numfashi ya ce a fili, "Ina jin tsoro. Ku buɗe ƙofa."

Mayanka ta samu abin dariya. Suka sauya masa suna zuwa Mai Maraƙi. Guduma ne kan gaba.

"Yaya, in kawo maka tunkiya? Ko ita ma ta yi maka girma?"

"Kawo, ƙanena. In mai ƙaho ce ka tsaya kusa."

Ran nan wani maraƙi ya banke shi ya zauna daɓas cikin kashin shanu. Har masu sayen nama sai da suka riƙe ciki. Tabonsa na zogi kamar ana zuba masa barkono, amma ya tashi, ya koma daidai inda ya tsaya, yana duba sawunsa a yashi don ya gane inda ya kuskure. Ya gane ƙafarsa ta hagu ce ke ja da baya tun kafin ya jefa igiya. Ya yi ta maimaitawa har ƙafar ta koyi tsayawa. Daga maruƙa ya koma matasan shanu. Tsoron bai tafi ba, igiyar dai ta daina faɗuwa ƙasa.

Ana haka aka kawo wani jan bijimi da ya karya ƙofar motar da ta ɗauko shi. Tozonsa ya fi kan mutum tsawo. Guduma ya tuɓe riga ya ɗauki igiya yana wa jama'a murmushi.

Allura na tsaye a gefe. Shi da ya san abin, ya ga maƙogwaron ƙaninsa na hawa da sauka. Ya kai ido ga hannunsa. Igiya a naɗe take a wuyan hannu, ta zagaye yatsu.

"Guduma, warware igiyar nan."

"Koma wajen maruƙanka."

"Tsoro kake ji, ba laifi ba ne. Fita ka sha iska ka dawo. Warware ta."

Da Allura bai ambaci tsoro a gaban mutane ba, wataƙila da ya warware. Guduma ya ƙara naɗi ɗaya yana kallon yayansa cikin ido. "Ni ba irinka ba ne. Ku buɗe."

Ya zarga ƙahon da kyau. Amma kafin ya kai ga zobe, bijimin ya fizgi kai ya zabura. Ƙaton mutumin nan ya tashi sama kamar tsumma. Ya faɗo da fuska, haƙoransa suka watse a siminti. San ya ja shi ya zagaya fili, fatar ƙirjinsa na saɓulewa, ya buga shi da ƙofar ƙarfe, ya sake ja. Igiyar ta nutse cikin nama har ƙashi. Ihun da yake yi ba ya kama da na mutum.

Kowa ya haye katanga. Wani na cewa a yanke igiya, amma in an yanke, san zai juyo kan wanda ke kwance.

Allura ya ɗauki igiyarsa, wadda ya bi da yatsu da safe, ya ce, "Ina jin tsoro." A wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Ya dira cikin filin.

Bijimin ya gan shi ya yo kansa, yana jan Guduma a baya. Ƙafar hagu ta so ta gudu, ya kafe ta. Ya bari sai da ya ji hucin a fuskarsa, sannan ya goce. Gefen ƙahon ya yage masa riga ya buɗe bakin tsohon tabo, jini mai ɗumi ya gangaro masa har cikin takalmi. Bai duba ba. San na wucewa ya jefa igiya ƙasa ƙasa ta kama ƙafar baya. Ya zura ta a zobe, ya riƙe a tafin hannu, ya ja da dukkan abin da ya rage masa. Igiyar ta ci tafinsa, ya ɗan saki, ya sake kamawa, ya ja.

Bijimin ya faɗi da ƙarar da ta girgiza kwanon rufi. Mutane suka diro suka danne shi. Allura ya rarrafa ya yanke igiyar da ke hannun ƙaninsa. Yatsu biyu ba su biyo hannun ba, suna cikin naɗin.

Gado da gado aka kwantar da su a asibiti. Guduma ya yi magana da bakin da ba haƙoran gaba.

"Yaya, tun ranar da na ga an ɗaga ka sama nake jin tsoro. Kullum."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, a gaban mutane. Nan ne nawa kuskuren."

Allura ya koma wurinsa a gaban bijimai. Guduma ya koma ɗaurin ƙafafu da yatsu takwas. Safiyar da suka dawo aiki, Baba Gurgu ya ɗago kai daga dutsen washinsa ya ga mutum biyu durƙushe a gindin katanga.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ku dai bar mini gefe."

To 'ya'yana, kun san dalilin wannan labari. Tun da babbar mota ta kife da auta bai sake riƙe sitiyari ba. Kai mai bi wa babba, ka kira shi matsoraci a gaban matarsa. Ke babba, kin ce ya bar tuƙi har abada ya zo ya tsare miki shago. Dukanku ba ku taimake shi ba. Kai kuma auta, ka daina ce mana ƙafarka ce ke ciwo, likita ya ce ta warke. Ka buɗe baki ka faɗi abin da ke damunka, ka fara da ƙaramar mota, yayanka na zaune a gefe bakinsa a rufe. Ku zauna ku uku ku kashe wannan magana ina da rai. Ba na son in sake jin ta a bakin surukai.

Darasi: Waɗanda suka yi fice a sana'arsu ba su rabu da tsoro ba. Suna faɗinsa a fili, su binciki abin da ya kayar da su, su koma kan ƙaramin aiki ba tare da jin kunya ba har ƙafarsu ta tsaya. Mai ɓoye tsoronsa don kada a yi masa dariya, shi ne ke naɗe igiya a hannu. In ka san wanda ya faɗi yake jin kunyar tashi, tura masa wannan labari, kuma in za ka yi masa magana, ka ja shi gefe.