Akushin Barau a Jirgin Legas

Barau masassaƙi ya hau jirgin Legas da akushin da ya sassaƙa wa 'yarsa. Wani Alhaji ya riga ya cika ma'ajiyar kaya ta sama da jakunkuna, kujerar Barau kuma tana bakin ƙofar gaggawa.

Shugaban ma'aikatan jirgin ya tsaya a kansa ya ce, "Baba, za mu tashi. Ba a riƙe kaya a hannu ko a cinya, nan kuma ba a ajiyewa a ƙasa. Sama ta cika. Ka san yadda za ka yi, ko ka sauka."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, hular Alhajin nan fa?"

"Abin da mutum ya sa a kansa ai sutura ce, ba kaya ba."

Barau ya kifa akushin a kansa, ya gyara zama. "To, bismilla, mu tashi."

"Haba Baba, wannan ai akushi ne!"

"Da bakinka ka yanke hukunci, ɗana. In tawa kaya ce, tasa ma kaya ce. Je ka tuɓe masa, in ga inda za ka ajiye."

Shugaban ya dubi Alhaji, Alhaji ya dafe hularsa. Nan take Alhaji ya sauko da jaka ɗaya, wuri ya samu a sama.