Saitin Ƙafar Jar Mota

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, mai wata tsohuwar motar tsere, ja, mai kujera biyu. Motar ta girmi babban ɗansa. Kullum da hannunsa yake goge ta, ko matarsa ba ta isa ta jingina da ita ba.

Sai motar ta fara janyewa hagu, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Ya kai ta garejin wani dattijon bakanike a yi mata saitin ƙafa, wato a daidaita tayoyin. Dattijon ya shiga ramin da ke ƙarƙashin motar, ya jijjiga taya, ya daɗe yana dubawa. Ya fito yana goge hannu.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen da ya haɗa sitiyari da tayar hagu ya cinye. Ko na saita ba zai riƙe ba. Irinsa kuma sai an aiko, mako uku."

"Jibi ake baje kolin tsofaffin motoci. Saiti na kawo, ba karatu na zo ɗauka ba."

"Ni dai ba zan sa hannuna ba."

Mai motar ya zage shi tas a gaban abokan aikinsa, ya ce tsufa ya cinye masa basira. Ya tafi wani gareji, ya ɓoye abin da aka gaya masa. Aka ɗaure, sitiyari ya miƙe.

Ranar baje kolin ya ɗauki ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, bai gaya masa gargaɗin bakaniken ba. A kwanar wata gada, da rana tsaka, ƙarfen ya fice, motar ta ƙwace ta kife.

Ƙanen ya cika nan take. Shi kuwa mai motar ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Shekara tara ke nan yana kwance, sai an juya shi. Mahaifiyarsu takan zo ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ya jiki?" Har yau ba ta san an gargaɗe shi ba, har yau kuma ya kasa haɗa ido da ita.

Ya 'yan uwa, mako uku fa. Me zai rasa in ya jira?

Na sha faɗa har muryata ta dushe: girman kai shi ne a gaya maka gaskiya ka ƙi, don ka raina mai faɗarta. Wa ya gaya maka gaskiya a makon nan? Me ka ce masa?

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke toshe kunne, ya sa kada ran wani ya salwanta ta dalilinmu. Amin.