Kurege da Tukunyar Iskar Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga ruwa ta fito.

Ta zo mu ji ta, ko da a jiƙe take.

Wata shekara kwale-kwalen fataken zuma ya kife a gulbi. Fatake suka tsira da rayukansu, amma tulunan zuma suka tafi ƙasa, kowanne an liƙe bakinsa da kaki, ko ɗigon ruwa ba ya shiga. Masu kaya suka ce sun haƙura, duk wanda ya ciro ya ci halalinsa.

Labari ya iske Kurege a cikin gonar gyaɗar da ba tasa ba. Ya yar da gyaɗa, ya lashe baki, ya nufi gulbi. Shi kuwa tun da aka haife shi, ruwan da ya sani bai wuce na sha ba.

A bakin gulbin akwai rumfar Baba Tsari, tsohon gwanin nutso, mai koya wa dabbobin tudu shiga ruwa. Yakan ɗaura wa ɗalibi tukunyar ƙarfe cike da iska a baya, ya sa masa tiyo a baki, ɗalibi ya yi ta numfashi a ƙarƙashin ruwa kamar yana kan tabarmarsa. Kurege ya tarar Zomo da Bushiya sun riga shi zuwa, Tsari yana yi musu bayani. Ya ce ba da ido ake zaɓen tukunya ba, da gadon baya ake zaɓa. Sabon shiga ya ɗauki wadda zai miƙe tsaye da ita, ya yi taku goma bai yi haki ba, ya sauka a hankali, ya fito tun da sauran iska.

Zomo ya ɗauki daidai shi. Bushiya ta ɗauki daidai ita. Kurege kuwa idonsa na can lungu, kan wata ƙatuwar tukunya kamar randa. Ya ce a ransa, masu ƙananan nan sai sun yi ta jeka-ka-dawo, mai babba kuwa zama zai yi a ƙasa ya shanye zumar tulu bayan tulu.

"Baba, waccan nake so."

"Waccan ta Ɓauna ce, ajiya ya ba ni. Kai ko nauyin murfinta ba ka kai ba."

Kurege ya ce ai Ɓauna kawunsa ne ta wajen uwa, shi ne ma ya aiko shi. Ya ce girman jiki daban, girman huhu daban, kakansa ya taɓa busa ƙaho tun daga hantsi har azahar bai ja numfashi ba. Tsari ya yi magana, ya sake magana, da ya gaji ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ya ɗaura masa.

Kurege ya yunƙura, tukunya ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ta ce ba ta san zancen ba. Zomo da Bushiya suka kama suka tsayar da shi. Suna saki, ta fizge shi ta baya, suka gangara gaɓa tare, shi a sama ita a ƙasa, ita a sama shi a ƙasa, sai tsundum.

Ya wuce kifaye. Ya wuce tulunan zuma, suna zaune a kan yashi inda ba zurfi, ya miƙa hannu bai kai ba. Ya ci gaba da tafiya har ƙasan wani rami, tukunya ta kafe a laka, shi kuma a rigingine, ƙafafu huɗu a sama. Iska kam ga ta nan, ta ishe shi mako guda, amma ko juyi ba ya iyawa. Can sama yana hango Zomo da Bushiya suna ɗaukar tulu, su fita, su dawo, su ɗauki wani.

Ashe ramin gidan Kada ne. Kada ya taso ya kewaye shi sau biyu. Kar ku tambaye ni yadda ake hira a ƙarƙashin ruwa, a wancan zamani ana yi.

"Shekarata saba'in a ramin nan," in ji Kada, "ban taɓa ganin nama ya zo da tukunyarsa ba."

Bakin Kurege kuwa bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne, gashi ne da wutsiya kawai. Abincin yana ciki. Romon kan sa ne, dabbobin tudu suka ce a kawo maka gaisuwa. Ka ga kumfar nan da ke tashi? Har yanzu tafasa yake."

Kada ya duba, ga kumfa kuwa tana tashi. Ya ce a ba shi. Kurege ya ce bai kamata bawa ya miƙa wa sarki abinci daga kwance ba, a taimaka a yanke masa ɗaurin. Kada ya sa haƙori ya datse. Kurege ya ja numfashi har ya cika ciki, ya cusa tiyo a maƙogwaron Kada, ya murɗa kan tukunya ya buɗe iska har ƙarshe.

Kada ya haɗiya, ya haɗiya, yana jiran ɗanɗano. Ɗanɗano bai zo ba, ciki ya zo. Ya kumbura kamar salka, ya kumbura kamar ganga, ya juya ciki sama, ya fara tashi. Kurege ya ɗare kansa ya riƙe gam, har suka ɓullo. Ya sa wutsiya ya tuƙa shi zuwa gaɓa, ya dira, ya yi masa godiya. Kwana uku Kada yana yawo a kan ruwa yana gyatsa.

A rumfa ya tarar an kwashe zuma kaf, Zomo da Bushiya suna suɗe hannu. Ga kuma Ɓauna a tsaye, ya cika ƙofa. Ya ce abu biyu ya zo gani, tukunyarsa, da ɗan ƙanwarsa da bai san an haifa ba.

Kurege ya durƙusa ya gaida kawu, ya ce tukunya tana nan lafiya, ya ajiye ta a wuri mai sanyi, bari ya je gida ya ɗauko igiya. Yana shan kwana ya fara haƙa rami. Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya leƙo daga rami, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya duba gabas ya duba yamma. Kawu yake dubawa.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. In za ka yi kwaɗayi, yi daidai gadon bayanka. In kuma za ka ƙirƙiri kawu, nemi wanda ba shi da ƙaho.